Zauren Malamin Daji: Gora Za Ta Iya Tare Kwazazzabo?

Assalamu alaikum. Layi biyu kacal na rubuta a kan gora a fitowar da ta gabata, sai ga saƙonni kamar ruwan Agusta, har edita ya ce in ware mata fili guda in huta da ƙorafi. To ga filin.

Kafin mu shiga, mu raba gardama ɗaya. Gorar da nake nufi ita ce ta sandar makiyayi, wadda magina ke tokare rufin kankare da ita, wadda kuma makaho ke riƙewa a ja shi har muka samu kalmar jagora. Ba gwangwala ba ce. Gwangwala reshen tukurwa ce, dangin dabino da kwakwa. Gora kuwa ciyawa ce, 'yar uwar dawa da rake, tsawo kawai Allah ya ba ta.

*Malam, gonata tana bayan garin Gombe. Akwai kwazazzabo a cikinta, shekara shida da suka wuce 'yar hanyar ruwa ce da yaro ke tsallakewa. Yanzu idan na shiga ciki ta kai mini ƙirji, kuma kowace damina sai ta cinye kunya biyu ko uku. Wani ya ce in dasa gora. In na dasa za ta tsaya?*
— Manomi daga Gombe

Malam, Allah ya tsare abin da ya rage. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, rabin magana dai ya faɗa maka. Idan ka dasa gora a bana ka koma gida ka kwanta, kwazazzabon zai cinye ta tare da kunyoyin, domin gindin gora yana bukatar shekara uku zuwa huɗu kafin ya yi tushen da za a dogara da shi, ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Gora iri biyu kake bukata: matacciya da za ta riƙe maka ƙasa damina biyu, da mai rai da za ta karɓi aikin bayan waccan ta ruɓe.

Ka san ƙasarku ta fi ni saninta. Rairayi ne sako-sako, garin kuma yana zaune a ƙasan tudun Akko. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, kwano da kwalta suka rufe filayen da a da suke shanye ruwa, duk abin da ya sauka sai ya tattaru ya gangaro da gudu. Saboda haka kafin ka taɓa sanda ko ɗaya, ka jira a yi ruwa, ka ɗauki lema ka bi hanyar ruwan zuwa sama ka ga inda yake fitowa. Kwazazzabo da kai yake ci, wato baya-baya yake tafiya yana hawa tudu. Wanda ya tare wutsiya ya bar kan, aikin banza ya yi.

Ga yadda muke yi a ƙaramin rami irin naka. A sari gorar da ta ƙosa, mai shekara uku ko fiye, a sare ta da rani lokacin da ruwan jikinta ya ragu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya; wancan goran ruwa ake nufi, amma maganar ta hau kan tamu daidai. A yanka turaku, a fiƙe bakinsu, a kafa su layi biyu a gicciye cikin ramin, tsakanin turke da turke kamar kamu ɗaya, a buga kowanne ya shiga ƙasa aƙalla rabin tsawonsa. Sai a tsaga wata gorar a saƙa tsakanin turakun kamar ana saƙa kwando, a cusa ƙirare da ciyawa a tsakanin layukan biyu a danne. Kada tsayin shingen ya wuce gwiwa zuwa cinya. Ba dam kake ginawa ba. So kake ruwa ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, ya tsiyaye ya wuce. Gara ƙananan shingaye biyar a jere da ƙato guda ɗaya, kuma a jera su yadda kan na ƙasa zai yi daidai da gindin na samansa, kamar matakala.

Abu biyu ne ke kashe wannan aiki, kuma duka biyun sun taɓa kashe nawa. Ina sabon ma'aikaci, da takardar makaranta a aljihu da girman kai, na sa leburori muka kafa shinge a wani rafi. Na sa igiya na daidaita samansa ya miƙe sak, na tsaya ina kallo ina jin daɗi. Wani dattijo da ke kiwon tumaki a gefe ya ce, "Malam, ina ƙofar ruwan?" Na ce ai tare shi muka zo yi. Bai ƙara cewa komai ba. Daren Alhamis aka kwana ana ruwa. Da safe na tarar da shingen a tsaye, ko gezau, amma ruwan ya zagaye ta gefen hagu ya yanki gaɓa ya buɗe sabuwar hanya da ta fi ta da faɗi. Bayan mako guda sauran turakun ma suka bi, muka je muka tsinto su a fadamar wani mai shinkafa, ina ba shi haƙuri. Tun daga ranar na san dole tsakiyar shinge ta fi gefensa gajarta, ruwa ya samu ƙofa ta tsakiya, kuma dole a tona gaɓa a cusa bakin shingen ciki kamu ɗaya ko biyu ta kowane ɓangare. Na biyun, a shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗo, in ba haka ba zai tone gindin turakun ta baya.

Bayan ruwa uku ko huɗu za ka ga laka mai laushi ta taru a bayan kowane shinge. Wannan ita ce ribar, kuma a nan ake shuka. Fara da ciyawar jema. A tsaga tushenta a dasa layi guda a matse, tsakani kamar faɗin tafin hannu. Saiwar jema tana nutsawa tsaye har mita biyu zuwa uku, ta saman kuma tana tace ruwa kamar rariya. Gamba ma tana taimakawa a gefen gaɓa. Ita gora mai rai kada ka dasa ta a leɓen ramin. Saiwarta tabarma ce, tana da yawa tana da ƙarfi, amma yawancinta ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu a zurfi. Idan ruwa ya rarake ƙarƙashinta, nauyin gindin ne zai ja gaɓar su rufta tare. Ja baya taku uku ko huɗu daga baki, ko ka dasa ta a kan lakar da ta riga ta zauna.

Gara za ta ci turakun, kada ka damu. Gorar da ba a yi wa magani ba, in tana cikin ƙasa, da wuya ta wuce shekara biyu. Wasu na shafa mata baƙin mai don ta daɗe. Ni ban yarda da wannan ba. Baƙin man zai shiga gonarka, kuma ai ruɓewar ake so: lokacin da turke ya zama taki, jema ta riga ta tsaya a gurbinsa. Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne akuya. Ganyen gora da tohonta abincinta ne, ka kewaye kowane dashe da ƙayar magarya.

Wannan duka na ramin da bai fi ƙarfin mutum ba ne. Wanda ya kai zurfin ɗaki, yana cin gidaje, ya wuce gora, aikin injiniyoyi ne. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021, na dala miliyan 700, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasar da ta lalace yana cikin aikinsa. Ku haɗu da maƙwabtan gona da mai unguwa ku kai kuka a rubuce, takardar mutum ashirin ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

*Baba Malam, ni malamar firamare ce, ina renon dashen mangwaro da gwaiba da darbejiya a bayan gida ina sayarwa. Da ledar fiya wata nake yi. Bara tunkiyata ta yi ta rama har aka yanka ta, mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Na ji ana yin tukunyar dashe da gora. Yaya ake yi, kuma zai fitar da ni?*
— Malama daga Zariya

'Yata, Allah ya mayar da alheri. Ana yi, kuma ba sabon abu ba ne. A ƙasashen Asiya da gorar ta wadata sun daɗe suna reno a cikinta.

Sai dai ba kowace gora ba. Tamu ta Arewa, wadda masana ke kira Oxytenanthera abyssinica, siririya ce, cikinta a cike yake ko ramin ɗan kaɗan, shi ya sa ta yi kyau da sanda. Wadda kike so ita ce mai kauri ta Kudu, Bambusa vulgaris, mai rami kamar bututu. Ki je wurin da aka gama gini ki nemi waɗanda aka cire daga tokare, sau da yawa a araha ake rabuwa da su. A yanka ta gaɓa-gaɓa, kowane guntu kamar taƙi ɗaya da rabi, a bar gaɓar a ƙasa ta zama gindin tukunya, a huda ta da ƙusa mai kauri don ruwa ya fita. Sai abu mafi muhimmanci: a tsaga guntun gida biyu daga sama zuwa ƙasa, a mayar a haɗa, a ɗaure da igiyar rama ko kaba.

Me ya sa sai an tsaga? Na taɓa dasa bagaruwa kusan ɗari a cikin gorar da ba a tsaga ba, da tunanin za ta ruɓe a ƙasa saiwa ta fita. Shekara ta zagayo, itatuwan suna nan tsayin da na bar su, ganye ya yi rawaya. Na sa magirbi na tono ɗaya. Gorar tana nan garau, sai ɗan baƙi da ta yi, saiwar kuwa ta nannaɗe a ciki ta zama gammo. Inda ƙasa ta bushe, gora ba ta ruɓewa da saurin da saiwa ke bukata. Don haka ranar dashe a kwance igiya, a buɗe ɓari biyun, a zare dashen da ƙasarsa, a mayar da tukunyar gida. Za ta yi miki zagaye biyu ko uku kafin ƙwaro ya mayar da ita gari. In kin jiƙa guntayen a ruwa mako biyu zuwa uku kafin amfani, zaƙin da ke jawo ƙwaron zai ragu.

Zai fitar da ke? A kuɗi tsagwaronsa, leda ta fi araha, ba zan ɓoye miki ba. Gora tana da nauyi, abin da kura ɗaya za ta ɗauka na leda sai an yi sawu biyu. Inda ta yi fice shi ne itatuwa masu doguwar saiwa irin gawo da tsamiya, domin za ki iya yanka ta da tsawo, kuma rana ba ta dafa saiwa a cikinta yadda take yi a baƙar leda. Shawarata ki fara da hamsin ki gwada, ki sa wa mai saye sharaɗin ya dawo da tukunya a rage masa wani abu, kamar yadda ake yi da kwalbar lemo a da. Sauran na leda kuma, duk wanda ya saya ki ce masa ya yanke ledar ya tattara, kada ya binne ta kuma kada ya bar ta a fili.

*Malam, ina karatun aikin gona. Na ga bidiyo a waya, a Japan ana niƙa gora a fesa ta da inji a jikin tudun da aka yanka don hanya, bayan 'yan watanni wurin ya yi kore shar. Me ya hana mu yin haka?*
— Ɗalibi daga Bauchi

Ɗana, abin da ka gani gaskiya ne, amma ka tambayi dalilin da ya sa su suke yi. Japan gora ce ta yi musu yawa. Akwai wata ƙatuwa da suke kira moso, wadda aka kawo musu daga Sin a ƙarni na 18. Da can ana cin tohonta, ana saƙa kwanduna da kayan gida da ita, kowane kurmi da mai kula da shi. Sai roba ta kori kwando, tohon gora mai araha ya riƙa shigowa daga Sin, matasa suka koma birni, tsofaffi suka kasa sara. Ita kuwa moso ba a dunƙule take zama kamar tamu ba, saiwarta gudu take yi a ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo can gaba. Kurmin da aka yi watsi da shi sai ya riƙa mamaye gonaki da dazuzzukan katako, ya rufe musu rana. Ka ga ke nan dole su sare ta, kuma dole su samo inda za su kai abin da suka sare. Daga nan aka shiga niƙa ta ta zama zare-zare, a cakuɗa da ƙasa da taki da irin ciyawa a fesa a gangaren hanya. Zaren yana sarƙewa ya riƙe ƙasa da danshi har iri ya tsiro, daga baya ya ruɓe, ba a bar ragar roba a jikin tudu ba. Wata kuma a ƙone ta ta zama gawayi a zuba a gona.

Mu fa? Mu sayen gora muke yi, ana loda ta a tirela daga Kudu da tsakiyar ƙasa. Wanda ya niƙa gorar da ya saya da kuɗi ya watsa a tudu, 'yan uwansa za su kai shi a duba shi. Abin ɗauka a wurinsu shi ne dabarar: ka rufe ƙasa tsirara da abin da ya yi maka yawa kuma zai ruɓe. Mene ne ya yi mana yawa? Buntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa ana cinna masa wuta. Ɓawon gyaɗa. Tsohuwar zana da aka cire daga danga. Na sha shimfiɗa tsofaffin zana a gangare, in kafe su da 'yan turaku, in watsa irin gamba a ƙarƙashi, kuma ta yi aikin. Ka dai kiyaye abu ɗaya da za su tambaye ka a jarrabawa: ɗanyen abu mai tauri irin wannan, yayin da yake ruɓewa, yana janye sinadarin naitirojin daga ƙasa na ɗan lokaci. In ba ka haɗa da kashin shanu ko na kaji ba, tsiron zai fito rawaya.

In kana son misalin da ya fi kusa da mu, ka karanta a kan Habasha. Suna da gora fiye da hekta miliyan ɗaya, mafi yawanta irin tamu ce ta Arewa, a yankin Benishangul-Gumuz kusa da iyakar Sudan. Akwai kuma ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta gora, INBAR, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Beijin, Najeriya da Gana duk mambobi ne, rubuce-rubucenta suna nan a intanet kyauta.

*Malam, mu nan iska ce ke kwashe mana ƙasa. Gora za ta yi a wajenmu?*
— Manomi daga jihar Maraɗi

Malam, in ba a bakin gulbi ko cikin lambu inda ake ban ruwa ba, kada ka wahalar da kanka. Ko tamu mai jure fari tana son ruwan shekara ya kai milimita 700 zuwa 800, naku kuwa wajen 500 yake. Kuma ni ne ma ya kamata in zo ɗaukar darasi wurinku. Sassabin zamani a ƙasarku ya fara, a farkon shekarun 1980, lokacin da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da manoman Maraɗi suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, in an bar reshe biyu ko uku aka gyara su sai su koma itace. An ƙiyasta hekta miliyan biyar sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, ba leda ba tukunya. Ka bar gawo da kalgo da sabara su tashi, ka bar karan hatsi a kwance a gona bayan girbi, inda ƙasa ta yi fako ka haƙa ramukan tara ruwa irin tassa ko rabin wata ka zuba taki. Aikin da turken gora ke yi a Gombe, karan gero zai yi maka shi.

*An ce gora tana tara macizai, kuma tana shiga gonar maƙwabci.*
— Mai karatu daga Kafanchan

Duk wani duhu mai tarin ganye yana tara su, ko tsibin kara ne. A riƙa share gindi, a sare tsofaffin sanduna kowace shekara iska ta shiga. Batun shiga gonar maƙwabci kuwa, irin biyun da muke da su a dunƙule suke girma, ba sa gudu. Inuwa ce da saiwar sama za su dame shi, don haka a bar taku biyar ko shida daga iyaka.

Tunda kana inda ake samunta, ga yadda ake yaɗa ta. Ta Kudu ba ta yin iri, amma guntu mai gaɓa biyu in an kwantar da shi a ƙasa mai danshi farkon damina yana tsira. Ta Arewa ta fi taurin kai, an fi samun nasara in an fasa tushe aka ciro sanda mai shekara ɗaya da saiwarta. Takan yi fure bayan shekaru masu yawa, ta zuba iri mai kama da hatsi, sau da yawa kuma gindin ya mutu bayan nan. Irin ba ya daɗewa, cikin 'yan watanni yake lalacewa, ga ɓeraye da tsuntsaye suna rububinsa. A shekara talatin da ɗoriya na aikin daji sau biyu kawai na gani da idona, na biyun ma na iso a makare. Duk wanda ya ga gora ta yi fure a wajensu, ya tara ya shuka nan take, ni kuma ya aiko mini ta ofishin mujalla, ko cikin gwangwanin tumatir ɗaya ne.